Babbar Riga a Tsakiyar Tebur

Tun da muka dawo daga Italiya ba a bar ni na huta ba. A masallaci, a tasha, a teburin mai shayi na bakin kasuwar Mafara, tambayar ɗaya ce: ku uku kuka tafi, jirgi ɗaya, gida ɗaya, tukunya ɗaya, ya aka yi kai ka dawo wuya ya ninku, su biyun kuma wando yana zame musu? Har akwai masu cewa guzurinsu na cinye. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu. Ga shi nan gaba ɗaya, duk wanda ya ƙara tambayata zan miƙa masa ya karanta.

Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori. Ni malamin lissafi ne, aro na aka yi daga makaranta zuwa sashen lantarki na aikin. Za a kafa wani ɗaki da zai riƙa buɗe ƙofofin ruwa na magudanan da suka nufi gonakin Mafara da Bakura da kansa, ba sai mutum ya je ya murɗa ƙarfe ba, aka ce a tura mutum uku su koyo yadda ake haɗa shi. Aka zaɓe ni saboda lissafi. Aka zaɓi Malam Mamman, dattijo daga Bakura, shugaban makanikai, saboda ba injin da ke gagararsa. Na uku shi ne Garba, saurayi daga wani ƙauye kusa da Maradun, wanda duk ya fi mu kaifin kai. Gonar mahaifinsa tana cikin waɗanda ruwan dam ya rufe, gidansu duka a kan aikin nan nasa suka jingina. An kuma faɗa mana tun a ofis cewa wanda bai ci jarrabawar ƙarshe ba, ba shi da kujera a sabon ɗakin.

Abin da Baturen ofis bai lura da shi ba shi ne, Garba 'yar farin Malam Mamman yake aure, Hajo. Da aka gaya masa ma murna ya yi, ya ce madalla, iyali za su tafi tare, ba mai kewa. Masinjan da ke tsaye a bakin ƙofa ya dube ni, na dube shi.

A hanya ban ga matsala ba. Malam yana gaban jif, Garba yana can baya a kan kaya. Da muka tsaya cin abinci a Funtuwa, Garba ya ɗauki kwanonsa ya ɓace bayan wata babbar mota, ya dawo yana share baki. A ƙasarmu dai ko'ina ka je akwai bayan mota, akwai bayan bango, akwai zauren maƙwabci, suruki ba ya rasa inda zai ɓuya ya ci abinci.

A jirgi ne na fara hango abin da ke jiranmu. Lambar kujera ta sa Garba a tsakiya, ni a dama, Malam a hagu, gwiwa tana taɓa gwiwa. Yaron nan tun daga Kano har Rum bai jingina bayansa ba. Da wata ma'aikaciya ta kawo abinci a 'yan farantai masu murfi, ya ce ya ƙoshi. Malam ya ja hula ya rufe ido. Matar ta riga ta ajiye, ni kuma na ga mayar mata da shi rashin ladabi ne, na tattara uku na sa a gabana. Ba laifi abincin jirgi, sai dai ba yaji.

A wurin binciken kaya wani kare mai dogon kunne ya nufi jakar Malam ya tsaya, ya yi atishawa, ya ja da baya. Jami'i ya buɗe gwangwanin da ke ciki ya leƙa, ya rufe da sauri ya kira wani. Shi ma ya leƙa, ya kira na uku.

"Hwaɗa masu daddawa ta," in ji Malam. "Ta Bakura. In suna so su ɗiba."

Na yi ta fama da Turancina, su da nasu, ƙarshe dai suka miƙo masa gwangwanin da hannu biyu kamar masu roƙon ya yi nisa da shi. Amma a jakar Garba suka tarar da kilishi, ƙunshi guda mai kauri da Hajo ta naɗe masa a takardar siminti. Wannan kam suka ce nama ba ya shiga. Na ga yadda ya bi ƙunshin da kallo har aka jefa shi a wani bokiti. Daga baya na gane dabararsa ke nan gaba ɗaya ta tafi, da shi ya shirya rayuwa a ɓoye.

Daga Rum jirgin ƙasa muka hau zuwa arewa, wani ƙaramin gari a cikin fadamar shinkafa. Ban san Turawa suna noman shinkafa ba sai ran nan. Malam ya manna goshi a gilashi yana kallon magudanansu, yana gyaɗa kai yana cewa waɗanga mutane sun san ruwa. Sanyi kuwa ba a magana, hazo ne fari tun safe har azahar.

An sauke mu gidan wata gwauruwa mai suna Roza, gajera, mai faɗi, mai murya kamar ta mai shela. Inna Roza muka riƙa ce mata. An riga an gaya mata ba ma cin alade, ta kuwa kiyaye tsakani da Allah, har tukwane ta ware mana. Amma gidanta yana da doka. Ɗaki ɗaya ta ba mu mai gado uku. Abinci ba ya hawa bene. Ba ta zubawa sai kowa ya zauna, kuma tare take kwashe kwanuka ta kulle kicin ta sa makulli a aljihun gaba. Tebur ɗin kuwa ɗan ƙarami ne, in ka miƙa hannu sai ka taɓa hancin na gabanka.

Ranar farko ta zuba taliya da jar miya. Garba ya sunkuyar da kai yana nazarin zanen ledar tebur. Malam ya ɗaga kai yana nazarin silin. Inna Roza ta tsaya a kanmu, hannu a ƙugu. Na cinye nawa, na ga idonta ya fara kawo ruwa, na jawo na Garba, na jawo na Malam. Wani zai ce haɗama ce. Ni dai na san mutuncin ƙasa na kare.

Ta zaci girkinta ne bai yi musu ba, sai ta shiga canji. Yau shinkafa da aka kwaɓa da cuku, wadda a gidanmu da an ce ba ta nuna ba. Gobe kifi. Jibi wani tuwon masara rawaya da ya kusa sa ni hawaye don tuna gida. Har daddawar Malam ta karɓa ta jefa a miya, maƙwabta suka fito suna tambayar ko magudanar gidan ce ta toshe. Duk a banza. Abin da ya ƙara rikita Garba shi ne mijin 'yarta, wani dogo mai gyaran keke, da yake shigowa ba sallama, ya sumbace ta a kumatu biyu, ya kira ta da sunanta, ya buɗe tukunya ya tsoma cokali yana tsaye. Ranar da Garba ya fara gani, salati ya yi a fili.

"Malam Audu," ya ce mini a hanyar makaranta, "wanga da uwar matatai yaka yi haka? Kuma ƙasa ba ta tsage ba?"

Na ce ga ta nan muna takawa.

Na taɓa gwada yi wa Inna Roza bayani, da hannu da 'yan kalmomin da na tsinta. Ta fahimci cewa faɗa suke yi, sai ta matso da kujerunsu kusa da juna don su shirya. Garba yakan sayi burodi ya ci a tsaye a bayan matakala, amma burodinsu ɓawo ne da iska, ga sanyi yana cin mutum. Sau ɗaya mura ta kwantar da Malam bai sauko ba, ranar Garba ya cinye kwano uku har ya sa burodi ya share. Sau ɗaya kuma aka tsayar da Garba a makaranta, Malam ya ci har ya yi gyatsa ya yi hamdala. Inna Roza ta kasa gane kan waɗannan mutane.

Malaminmu wani injiniya ne mai sanƙo, Buruno, wanda alli ba ya rabuwa da kunnensa. Abin da ya koya mana ba shi da wuyar faɗa. A cikin magudana ana sa wasu 'yan robobi masu yawo a kan ruwa, kowace tana da makunni, ko dai ta ce i ko ta ce a'a. Wayoyinsu duka suna zuwa ga wata 'yar na'ura da mu muka laƙaba wa suna alƙali, su kuma makunnan muka ce shaidu. Kowane shaida yana da makinsa, wani babba, wani ƙarami. Alƙali yana tara makin waɗanda suka ce i, in jimla ta kai iyakar da aka yanka masa sai ya buɗe ƙofar ruwa, in ba ta kai ba ya bar ta a rufe. Ba ya sanin komai bayan wannan.

Wahalar tana wajen sanin wace doka ce alƙali ɗaya zai iya riƙewa, wace ce ta fi ƙarfinsa, domin in ka haɗa allon wayoyi a kan dokar da ba ta yiwuwa, ruwa zai tafi inda ba a aike shi ba. Sharaɗi na farko, in ji Buruno, kowane shaida ya zama mai fuska ɗaya. In zuwansa yana taimaka wa buɗewa, to kullum ya taimaka. In yana hanawa, kullum ya hana. Wanda yau ya taimaka gobe ya hana, ba makin da za ka ba shi. Sharaɗi na biyu ya fi zurfi. Ɗauki taro biyu na shaidu da kowanne ya isa ya buɗe ƙofa, ka musanya musu mutane, ka cire ɗaya nan ka kai can, ka kawo na can nan. Ba zai yiwu duka biyun su faɗi ba, tun da jimlar makin nan dai ita ce, ba ta ragu ba. In ka ga doka ta ce duka sun faɗi, to wannan doka ta fi ƙarfin alƙali ɗaya.

A makon farko Garba ne yake ba da amsa kafin Buruno ya gama tambaya. Sannu a hankali ya fara gyangyaɗi, hannunsa ya fara rawa. Ya haɗa waya a baibai ya ƙona na'ura. Wata rana ya tashi zai je allo, ya dafa tebur, ya sulale ƙasa a hankali. Aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Bayan an tashi Buruno ya tsayar da ni, ya ce yana son yaron nan, amma ba zai sa hannu a ba mutumin da ke suma ƙofofin ruwan dubban manoma ba. In bai gyaru ba kafin jarrabawa, zai rubuta gida cewa ba shi da lafiyar aikin.

Na tuna tsohon Garba da ya rako mu mota, yana riƙe da hannunsa ya ƙi saki. Na ce wa Buruno ba ciwo ba ne, yunwa ce. Ya ce Roza ba ta dafawa ne? Na ce tana dafawa har ta yi yawa, ga shaida a jikina. Na rasa yadda zan fassara masa kunya, sai na ɗauki alli. Na ce mutum biyu ne da tebur. Ba kowa, ba a ci. Na farko shi kaɗai, a ci. Na biyu shi kaɗai, a ci. Su biyu tare, ba a ci.

Mutumin nan ya tsaya yana kallon allo, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Ya manta da mai suma gaba ɗaya. Ya rungume ni, ya ce shekara da shekaru yana neman misali mai rai.

Ban san abin da na jawo ba sai washegari. Aji cike, da 'yan Somaliya da wasu daga Kudancin Amurka, Buruno ya hau allo ya ce a wata ƙasa mai nisa akwai wani dattijo da mijin 'yarsa. Aji duka ya juyo ya dubi ƙasa mai nisa, tana zaune a benci na uku. Garba ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Malam ya ce in riƙa fassara masa, kada in tsallake komai, na kuwa fassara ina gumi a cikin sanyin nan.

"Ku duba," in ji Buruno. "Tebur ba kowa bai kai iyaka ba. Saurayi shi kaɗai ya kai, ashe makinsa mai ƙarawa ne. Dattijo shi kaɗai ya kai, shi ma mai ƙarawa ne. To ku haɗa su. Dole jimla ta wuce iyaka, dole a ci. Amma ba a ci! Dattijon nan fuska biyu gare shi, in shi kaɗai ne yana kawo ci, in ya tarar da saurayi yana hana ci. Sharaɗin farko ya karye. Ku kawo duk makin duniya, alƙali ɗaya ba zai iya da mutanen nan ba."

Malam ya taɓa ni. "Tambaye shi, to mi aka yi?"

Buruno ya ce sai a sa wani abu a tsakani, alƙali na biyu, wanda zai tare su kafin su isa ga na ƙarshe. Ya cika allo da zane. Malam bai kalli zanen ba, ya dai gyaɗa kai ya ce, "A tsakani. To."

A hanyar gida ya rage tafiya har Garba ya yi mana nisa.

"Audu, kai kana zaton kunya ɗai ta hana ni ci?" ya ce. "Ni tsoho na, kunyata ba ta kai tashi ba. Yaro shina zaune gabana da yunwa, ni in kai loma baki? Ba ta wucewa."

Ban taɓa jin ya yi maganar Garba da tsawo haka ba. Kunya ta kama ni, ni da nake ta lissafin mutum ɗaya ne ke wahala.

Da lokacin abincin rana ya yi, Malam ya zagaya bayan gidan ya kwance igiyar shanyar Inna Roza. Ya ɗaura bakinta ɗaya a ƙusar hoton mijinta marigayi, ɗayan a marikin taga, ta ratsa tsakiyar tebur. Sannan ya tuɓe babbar rigarsa, fara sol, ta shadda, wadda ya ɗinka musamman don tafiyar nan, ya shanya ta a kai. Ya zauna a gefe ɗaya daga shi sai 'yar ciki, a cikin sanyin nan. Ya nuna wa Garba ɗaya gefen da haɓa, ba tare da ya dube shi ba.

Inna Roza ta fito da tukunya ta tsaya baki buɗe. Na ce mata ta zuba kawai. Ta zuba. Ni ina bakin tebur, ina ganin kowane gefe. Garba yana kallon riga, riga tana kallonsa. Can sai Malam ya ɗauki cokali mai yatsu ya buga a kwano da ƙarfi, da gangan, ya ja taliya da ƙara yadda za a ji. Ya yi gyaran murya.

"Ke riga," ya ce, "in akwai wani bayanki, ki ce mai ni ban ga kowa ba. Ni ɗai nike ɗakin ga."

Garba ya ɗauki cokali. Loma ta farko da ƙyar ta wuce. Ta biyu ba ta sha wahala ba. Kafin a jima taliya tana tsalle ta kowane gefe, jar miya tana fantsama, don dukansu ba wanda ya iya naɗe ta. Inna Roza ta zauna a kan kujera tana kuka tana dariya tana kiran sunayen waliyyansu. Ni kuma ranar na fara sanin kwano ɗaya ba ya isar mutum.

Da na ba Buruno labari ya kama kai, ya ce ba haka yake nufi ba sam, a lissafi labule ba alƙali ba ne. Na ce ni ma malamin lissafi ne, na sani, amma kwano ya koma kicin a share. Haka muka ci gaba har ƙarshen kwas, kullum a ɗaura igiya a shanya riga. Naman da suka zubar bai dawo ba, lokaci ya ƙure, amma hannun Garba ya daina rawa. Ranar jarrabawa aka ba shi doka: ƙofa ta buɗe in shaidu biyu na gabas sun yarda tare, ko biyu na yamma sun yarda tare. Ya duba ya ce kowane shaida fuskarsa ɗaya, amma a musanya ɗaya daga gabas da ɗaya daga yamma, taro biyun duk sun faɗi alhali jimla ba ta ragu ba, saboda haka alƙali ɗaya ba zai iya ba. Ya zana na biyu da na uku, ya haɗa wayoyin, fitila ta kama. Shi ya zo na ɗaya. Ni na zo na tsakiya, na kuma ɗora laifin a kan nauyin ciki.

Da muka dawo, Bakura muka fara sauka, don Hajo tana gidan iyayenta wankan jego, ta haihu muna can. Tun daga ƙofar gari komai ya koma yadda yake. Garba ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a zaure, Malam ya amsa gaisuwarsa yana kallon bango, ya shige ciki. Aka aiko mana da tuwo da fura. Muna wanke hannu muka jiyo muryar matar Malam daga tsakar gida, tana kwance kaya.

"Malam, mi ya samu rigag ga? Sabuwar shadda! Jan abu gaba, jan abu baya. In kai ka ɓata gabanta, wa ya ɓata bayan? Bari in jiƙa ta."

"Aje ta," in ji Malam.

"In aje ta da dauɗa?"

"Na ce ki aje. Ni da ɗana munka ci abinci da ita. Kak ki wanke."

Garba yana riƙe da loma a hannu. Ya mayar da ita cikin kwano a hankali, ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa suna motsi. Ni ma sai da na share ido. Na jira shi, na jira, tuwo yana hucewa. Wannan karon ban jawo kwanonsa ba.